Zagaye Sittin a Gurbin Hamsin

Ku samarin da ke zuwa shagona yanzu, kusan dukanku da magana ɗaya kuke zuwa. Wai naɗin moter ɗin lantarki ba wani abu ba ne, kun gani a wayar hannu: a buɗe, a cire ƙonanniyar waya, a ƙirga, a mayar da sabuwa, a shafa barni, fentin nan da ke daskarar da naɗi, shi ke nan. Har wani cikinku ya ce mini in na ba shi wata uku zai buɗe nasa wurin. Ban yi fushi ba, dariya ma na yi, don ni kaina da irin wannan tunanin na yi shekara da shekaru ina aiki, ina kuma ciyar da iyali lafiya lau. To ku gyara zama ku ji labarin shekarar da wannan tunanin ya kusa rufe mini shago.

Sunana Idrisu, amma a Zongo in ba ka ce Idi Bobine ba, wato Idi mai naɗi, babu wanda zai nuna maka wurina. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi daga wajen Katsina, ni kuwa a nan Lome aka haife ni. Boko bai zauna mini ba, tun a firamare muka rabu ba tare da rigima ba. Sai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni Akodesewa, wurin wani ɗan ƙabilar Mina da ake kira Fo Komlan, wanda a lokacin duk moter ɗin da ya gagari kowa a bakin tashar jiragen ruwa wurinsa ake kaiwa. Al'adarsu a kai wa maigida kwalaben giya ranar da za a karɓi yaro. Mahaifina ya ce shi bai iya wannan ba, ya kai lemo da goro. Fo Komlan ya karɓa, ya ce shi hannu yake dubawa, ba kwalba ba. Daga ranar na fara kiransa Patron, kuma har yau in na ce Patron shi nake nufi.

Aikin farko da ya bar ni na taɓa wata fankar rufi ce ta wani mai ɗinki. Kafin nan na daɗe ina shara, ina wanke ƙarfe, ina hura gawayin da ake gasa tsohon naɗi don barni ya saki. Ranar ya zaunar da ni a ƙasa, ya yanke naɗi ɗaya da almakashi, ya ce in ƙirga wayoyin da ƙarfi yana ji. Kowane goma in ajiye tsinken ashana. Na gama ya ce in sake. Na sake ya ɗauko wani naɗin ya ce shi ma. Sannan ya ƙona bakin wayar da ashana don fentin jikinta ya fita, ya goge, ya auna kaurinta da ɗan ma'aunin nan mai murɗawa da muke kira falmer. Daga ƙarshe ya ɗora tsohuwar wayar gaba ɗaya a kan sikeli, don sabuwar da za ta shiga ta yi nauyi ɗaya da ita. Yana yi yana faɗa mini da yaren Mina, yana maimaitawa da gurguwar Hausarsa:

"Wanda ya ƙera moter ya fi ka sani. Abin da ka samu a ciki, shi za ka mayar. Ba ka ƙara, ba ka rage."

Wannan ita ce dokar shagon. Yaron da ya ƙara zagaye biyu don ya ga ramin ƙarfen da ake cusa naɗi da sauran wuri, sai ya kwance aikin duka, ko da ya riga ya sha barni. Wanda ya rage don waya ta kusa ƙarewa kuwa, wannan a gida zai kwana mako guda. Ranar liberasiyon ɗina, wato bikin da ake sallamar wanda ya gama koyo, na durƙusa a gaban jama'a da farin kaya, Patron ya buga mini katako a tafin hannu bugu na ƙarshe kamar yadda ake yi, ya bar malaminmu ya yi addu'a, sannan ya sa na faɗi dokar nan da bakina kowa yana ji. Na faɗa da zuciya ɗaya.

Kada ku ɗauka dokar wauta ce. A zamanin, duk tsofaffin injunan da ke sauka a tasha daga Turai suke zuwa, kuma wutarsu da tamu iri ɗaya ce. In ka kwafi abin da ka samu daidai, aikinka zai yi kyau, ko ba ka san dalili ba. Da ita na buɗe wannan shagon a Zongo, na naɗa injin niƙa, na naɗa famfon rijiyar masallaci, na naɗa injinan kafintoci har daga Agowe. Mutane kan ce moter ɗin da ya bi ta hannun Idi sai dai mai shi ya gaji da shi ya sayar. Ni ma na yarda da hakan, har na fara ɗaga kafaɗa.

Sai ga wata shekara da kwantenoni suka fara zuwa da kaya daga Amurka. 'Yan uwanmu da ke can suna turowa, 'yan kasuwa suna saye da araha, ana fesa musu fenti a bakin tasha su yi ƙyalli kamar sababbi. A wannan shekarar aikina ya fara dawowa. Ka naɗa moter, ya tashi lafiya, mai shi ya tafi yana godiya, ba a jima ba sai ga shi ya dawo da shi a bayan zemijan, wato acaɓa, yana warin ƙauri. Na canza mai sayar mini da waya. Na canza barni. Na koma ƙirga kowane naɗi sau uku kamar sabon yaro. Ba abin da ya canza, kuma ba dukansu ke dawowa ba, wasu ne, abin da ya ƙara ruɗa ni ke nan.

Wanda ya kai ni bango shi ne na Hajiya Memuna. Ita ce mai injin murza fulawa a bayan kasuwar Zongo. Matan da ke gasa burodi ba su da inji a gida, kowacce da ƙullinta take zuwa a cikin babban baho, a murza mata ta koma ta gasa. Tun da mijin Hajiya ya rasu wannan injin ke riƙe da gidan. Ta sayi moter babba daga kayan Amurkan nan, ya ƙone, na naɗa. Ya sake ƙonewa, na sake naɗawa. Da ya ƙone bayan naɗina na biyu, ba aike ta yi ba, da kanta ta zo tana bin kurar da ta ɗauko shi, da hantsi, lokacin da 'yan zemijan suka cika teburin mai shayi da ke gaban shagona.

Ta ce, "Malam Idi, ga kayanka. Matana sun fara kai ƙulli Agowe. Ga azumi ya kusa, lokacin da nake aikin shekara. Ka gaya mini gaskiya, hannun ne ya mutu ko waya ce kake sa mini ta banza? Don haka ake faɗa a gari."

Maganar wayar banza ce ta fi ƙona mini rai. A sana'ar nan a ce ka kasa da sauƙi, amma a ce kana sa wayar da aka yi wa wankan jan ƙarfe, an kira ka ɓarawo ke nan. A teburin shayi kowa ya ajiye kofi yana jira.

Na ce, "Hajiya, ki bar mini shi karo na uku. Waya da aiki duk a wuyana. In ya sake ƙonewa, na rufe shagon nan, na bar sana'ar gaba ɗaya."

Ta juya wajen masu shayi ta ce, "Kun ji?"

Suka ce sun ji. Wani ma ya ce zai ajiye mini tsohon babur ɗinsa, ko zan bukata.

Wannan karon ban yi gaggawar sa almakashi ba. Na buɗe moter ɗin na zauna ina kallonsa kamar zai yi magana. Zagaye hamsin na samu a babban naɗi tun farko, hamsin na mayar. Kaurin waya ɗaya. Ƙarfen bai goga ba, boris lafiya. Gefen da bai ƙone ba na sa masa mita, ta nuna mini abin da ya kamata. Sai na ce to wataƙila wutar gidan Hajiya ce, na ɗauki mita na tafi. Na auna, wuta ba ta da laifi. Ina tsaye a ɗakin injin ban san abin da zan yi ba, sai 'yarta Zainabu ta shigo. A lokacin tana shekarar ƙarshe a makarantar fasaha, wutar lantarki take karantawa, abin da matan unguwa ke yi wa uwarta tsegumi a kai.

Tonton take ce mini, wato kawu. Ta ce, "Tonton Idi, ka karanta farantin da ke jikinsa?"

Na ce, "Na ga inda aka rubuta ƙarfin wuta, ɗari biyu da talatin. Ya yi daidai da namu. Sauran fenti ya rufe."

"Bon, mu je in gani."

Ta biyo ni shago da hijabinta da takalmin makaranta, ta nemi tsumma da ruwan cire fenti, ta goge farantin nan tas. Ta sa yatsa a wani lungu inda aka rubuta haruffa biyu, H da z, da lamba sittin a gefe. Na sha ganin haruffan nan a jikin injuna, kullum hamsin nake gani, har idona ya daina tsayawa a kansu. Na tambaye ta mene ne bambancin, tunda ƙarfin wutar ɗaya ne. Ta ce bayanin ba na tsaye ba ne. Na ce to zan zauna, ko kwana nawa zai ɗauka.

Haka na koma ɗan makaranta bayan furfurata ta fara fitowa. Kullum bayan la'asar in tafi tsakar gidan Hajiya, Zainabu ta ɗauki gawayi tana rubutu a kan siminti, ni ina tsugune. Matan da ke wucewa suna dariya, wata ta ce ko a saya mini jakar makaranta. Kunya na ji sosai, ba zan ɓoye muku ba, amma kunyar rufe shago ta fi ta girma.

Ga abin da na koya, kuma ku saurara don zan tambaye ku. Wutar da ke bango ba kamar ta batir take ba. Ta batir hanya ɗaya take bi. Ta bango tana zuwa tana komawa, a ƙasarmu sau hamsin cikin daƙiƙa ɗaya, a Amurka sau sittin. Kowace waya tana da turjiyar da take yi wa wuta, ita ce rezistans, ita ce kuma mitarku ke nuna muku, don da ɗan batirin cikinta take aunawa. Amma da zarar ka naɗe waya a jikin ƙarfe, sai ta sami turjiya ta biyu wadda ba ta fitowa sai wuta tana kai da komowa. Naɗi ba ya son a juya masa wuta, kuma iya saurin juyawar, iya ƙarfin turjiyar. Sunanta reyaktans. In aka haɗa biyun, shi ne ampedans, kuma shi ne yake yanke yawan wutar da moter zai sha.

Ban yarda ba sai da ta nuna mini. Ta sa na kawo wani tsohon naɗi daga shago da ƙaramin taransifoma. Muka sa wa naɗin mita, ta nuna rezistans ɗinsa om uku. Ta ce in aka ba shi bolt goma, amfa nawa zai ja? Wannan na sani, na raba goma da uku na ce uku da ɗoriya. Muka haɗa, na matsa mitar nan mai baki a jikin waya, ta nuna biyu cif. Na girgiza mitar, na sake, biyu dai. Ta ce to goma a raba biyu, biyar ke nan, wannan shi ne ampedans ɗin naɗin. Na yi saurin cewa ashe ɓoyayyiyar turjiyar biyu ce, tunda uku da biyu biyar.

Ta yi dariya ta ce, "A'a Tonton, huɗu ce."

Na ce, "'Yata, ban yi boko ba, amma uku da huɗu bakwai ne ko a Faransa."

Sai ta zana kusurwa a kan siminti, gefe ɗaya kwance, ɗaya tsaye, ta ja layi daga baki zuwa baki. Ta ce biyun nan ba hanya ɗaya suke turjiya ba, don haka ba a jera su a tara. Rezistans ce kwance, reyaktans ce tsaye, ampedans shi ne layin da ya haɗe su. Biyar sau biyar ashirin da biyar. Uku sau uku tara. Ka cire tara, saura sha shida, kuma huɗu sau huɗu ne ke ba da sha shida. Ina kallon zanen sai na tuna magina, yadda suke daidaita kusurwar ɗaki da igiya, uku nan, huɗu nan, biyar a tsakani. Na gaya mata, ta ce shi ne ainihinsa. Daga nan lissafin ya zauna mini, bai ƙara tashi ba.

Washegari ta rubuta mini yadda ake samun reyaktans ɗin naɗi. Lambobi huɗu ake ninkawa: biyu, sai lambar nan ta da'ira, uku da ɗigo ɗaya huɗu, sai yawan juyawar wuta a daƙiƙa, sai ƙarfin naɗin kansa, wanda ya danganta da yawan zagaye da ƙarfen da aka naɗa a kai. Ta ce in duba da kyau, da moter ya hau jirgi daga can ya sauka nan, wace lamba ce ta canza? Na duba na ce ta ukun, sittin ta koma hamsin. Ta ce to naɗin da ke turjiyar shida a can, biyar yake yi a nan. Turjiya ta ragu, moter ya sha wuta fiye da cikinsa, ƙarfen ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ga fankar da ke sanyaya shi ita ma ta rage gudu. A ƙara da zafin Lome da ƙullin Hajiya mai tauri. Ashe duk lokacin da na ƙirga hamsin na mayar da hamsin, ciwon nake kwafa in mayar masa da shi sabo.

Maganin da lissafi ya bayar shi ne a ƙara zagaye ɗaya bisa biyar. Inda na samu hamsin, in sa sittin. A nan ne na cije, don da bakina na faɗi dokar Patron a gaban jama'a, kuma a wurinmu ko an sallame ka ba ka taka maganar wanda ya koya maka ba tare da ka je ka gaya masa ba. Na hau zemijan na tafi Akodesewa. Na same shi ya tsufa, gilashinsa ya yi kauri, yaran da yake koya wa su uku suna aiki. A lungun shagon na ga an tara moter-moter masu sabon fenti da baƙin ƙauri a baki, irin nawa sak. Na gaishe shi, na yi masa bayani daga farko, har na ɗauki alli zan zana kusurwar. Ya ɗaga hannu.

"Yarinya ce ta gaya maka ka ƙara?"

"Lissafi ne ya gaya mini, Patron. Ita ta koya mini karanta shi."

"Ranar da na sallame ka, me ka ce?"

"Na ce ba ƙari ba ragi. Kuma wanda ya ƙera shi bai yi kuskure ba, Patron. Don wutar wata ƙasa ya ƙera shi."

Sai ya ce wayar zamani ce ba ta da kyau, shi ya sa suke ƙonewa, kuma shekara arba'in yana aikin nan ba da alli ba. Ya ce, "Je ka yi abin da ka ga dama, Idrisu. Amma in ka ƙara zagaye, kada ka ce a wurina ka koya."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Na durƙusa na yi masa sallama kamar yadda na saba, na fito. A kan hanya na yanke shawara sittin zan sa.

Faɗar sittin da baki ba wuya, sa su a rami shi ne aiki. Ramukan ƙarfen don hamsin aka yanka su. Zainabu ta zo shago ta ce a rage kaurin waya kawai, na ce mata in aka rage da yawa rezistans ɗin da ta koya mini za ta hau, mu koma gidan jiya ta wata ƙofar. Ta ce da gaskiyata, mu lissafa iya inda za a tsaya. Muka tsaya a inda lissafi ya yarda, amma har yanzu ramin bai ɗauka ba. A nan hannu ya karɓi aiki. Maimakon waya ɗaya mai kauri na haɗa sirara biyu suna tafiya tare, don sirara sun fi kwanciya su cike lungu. Na tsallaka iyaka zuwa Aflawo na nemo takardar rufi mai kyau wadda ba ta da kauri. Kowane naɗi na shigar da shi waya-waya, ina dannawa da ɗan katakon da na fiƙe, a hankali don kada fentin waya ya kuje. Yatsuna suka tsage, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Rami ɗaya ya ƙi, na kwance shi na sake har ya yarda. Ƙaramin naɗin ma na ƙara masa ɗaya bisa biyar.

Sai maganar kondansater, ɗan gwangwanin nan da ke taimaka wa moter ya tashi ya kuma yi gudu daidai. Ku kun san al'adarmu, in ana shakka sai a sa babba. Na riga na ɗauko babban, Zainabu ta ce in dakata. Ta ce shi ma yana da reyaktans, amma tasa a juye take: in juyawar wuta ta ragu, turjiyarsa ƙaruwa take yi. Muka tsuguna muka lissafa. Tasa, daga sittin zuwa hamsin, ta hau da ɗaya bisa biyar. Ta sabon naɗina, da aka haɗa ƙarin zagaye da raguwar juyawa, ita ma ta hau da ɗaya bisa biyar a kan yadda take a ƙasarsu. Wato sun sake yin daidai da juna, tsohon kondansater ɗin shi ne na wurin. Da na sa babban nan, da na ƙona ƙaramin naɗin da hannuna ina ganin taimako nake yi.

Ranar da muka ɗaura shi a jikin inji, mata sun cika ƙofa da bahunansu, rabi don murza rabi don kallo. Na matsa mita a waya, na ce a kunna. Ya tashi. Aka zuba ƙulli, muryarsa ta yi nauyi, ina kallon mita. A da yana wuce abin da farantin ya yarda da shi tun kafin a gama baho na farko. Yanzu ya tsaya ƙasa da shi, bai motsa ba. Na gaya wa Hajiya gudunsa ba zai taɓa kai wanda aka rubuta a jiki ba, kada ta bari wani makanike ya canza mata fuli, ƙarfen da bel ke zagayawa a kai, don a ƙara sauri.

Ta ce, "Na ji. Amma na farko ma haka ya tashi lafiya, Malam Idi. Na biyu ma haka."

Gaskiya ta faɗa. Azumi ya kama, aiki ya ninka, injin ba ya hutawa daga safe har la'asar. Kullum bayan azahar, lokacin da zafi ya fi tsanani, in ɗauki mita in tafi da bakina a bushe, in auna, in dafa jikinsa, in dawo. Masu shayi sun daina zolaya, sun koma tambaya da ido. Aka wuce lokacin da na farko ya ƙone, aka wuce na na biyu. Aka shiga hidimar burodin Sallah, wadda ita ce ta fi kowace nauyi, aka fita. Bayan Sallah na je da mitata kamar kullum, Hajiya ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam Idi, ka bar zuwa haka nan, kana tare wa matana hanya. Je ka buɗe shagonka." Ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba.

Labari ya bazu, moter-moter na Amurka suka fara zuwa mini daga ko'ina, har daga bakin tasha. Ina cikin wannan, wata safiya na ɗaga kai na ga Patron tsaye a ƙofar shago, yaransa uku a bayansa, kowa da ƙunshin kayan aikinsa. Tun da na buɗe wurin nan bai taɓa takowa Zongo ba. Na tashi da sauri na ba shi kujera, bai zauna ba. Ya ce ya biya ta wurin Hajiya, ya tsaya ya ga injin yana aiki, ya sa tasa mitar.

Ya ce, "Nawa ka sa?"

"Sittin, Patron."

Ya gyaɗa kai. Na ce masa lissafin ba shi da wuya, in ya yarda zan riƙa zuwa Akodesewa ina nuna masa, ba wanda zai sani. Ya ɗan yi murmushi, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi, kansa kuma ya riga ya cika. Ya nuna yaran ya ce iyayensu amana suka ba shi, ba zai sallame su da abin da zai ƙona kayan mutane ba.

"Ka ƙarasa musu. Ka koya musu da allin. Ni na rufe shagona jiya."

Na tsaya riƙe da waya a hannu. Duk tsawon azumin nan shagona nake tsoron a rufe, ban taɓa kawo nasa a raina ba. Na ce, "Patron, ranar sallamarsu fa? Kai za ka tsaya."

Ya ce, "Zan zo in zauna. Ka gaya wa mutane a wurina ka koya."

Na raka shi bakin titi na tsayar masa da zemijan. Ya hau da ƙyar, yana riƙe da kafaɗar mai babur, suka nufi hanyar gari. Da na dawo yaran uku suna tsaye inda ya bar su, ba wanda ya kwance ƙunshinsa. Na ce su ajiye kaya a gefe, na share siminti da ƙafa, na ɗauko gawayi.